GOYO A BAYA, LITTAFI A JAKA: MALAMAN RENON YARA A UNGUWANNIN HAUSAWA NA KUDU

Tun kafin ƙarfe bakwai na safe, sa'ad da masu shaguna ke buɗe ƙofofinsu a kewayen masallacin Titin Bida a Anaca, akwai wani irin ɗaki da ya riga ya cika. Da ma shago ne, ko kuwa falon wani gidan haya, aka shimfiɗa tabarmi, aka jingina allo a bango, aka ce makaranta. Uban yaro da ke sauri ya kama kasuwa ya kan dire shi a bakin ƙofa, ya miƙa kwanon abincinsa, kafin a tambaye shi ko yaron ya karya har ya sha kwana. Wata uwa kuma ta kan aiko da ɗanta a hannun yayarsa, wadda ita kanta ba ta wuce shekara shida ba.

Mace ɗaya ce a cikin ɗakin, wani lokaci biyu. Yara suna kiranta Anti, iyaye suna kiranta Malama. Kafin ta gama kiran suna wani ya jiƙa wando, wani ya ciji ɗan'uwansa a kan murfin kwalba, wata ta kwanta a gindin bango jikinta zafi rau, ba a kuwa gaya wa Malama da safe cewa da zazzaɓi ta kwana ba. Ga nata goyon a baya yana neman nono. Tana ɗauraye wannan da buta, tana rarrashin wancan, bakinta kuma bai daina rera baƙaƙen boko ba, domin in ta yi shiru minti ɗaya ajin ya watse. A cikin jakarta da ke rataye a ƙusa akwai littafin kwas da ta yi niyyar dubawa in yara sun yi barcin rana. Sau da yawa yadda ya zo haka ya ke komawa gida.

Irin wannan ɗaki ba a Anaca kaɗai ya ke ba. Akwai shi a Diyobu da tsohon gari a Fatakwal, akwai shi a Gariki da wajen kasuwar New Artisan a Inugu. Wasu daga cikin matan da ke riƙe da shi sun ɗaura niyyar samun takardar NCE, watau satifiket na malanta, a fannin ilmin ƙananan yara. Wanda ya san su ya san littafi bai fi ƙarfinsu ba. Lokaci ne ba su da shi, da kuma wanda zai riƙe musu yara.

YADDA ƊAKIN YA SAMU

Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa ba na jiya ba ne. Anaca gari ne na bakin Kwara, fatake sun san shi ta ruwa tun kafin a gama gada a 1965. Inugu kwal ne ya kafa ta, bayan an gano shi a 1909, hanyar jirgin ƙasa kuma ta haɗa ta da Fatakwal a 1916, daga baya ta miƙe zuwa arewa. Shanu da albasa da wake suka bi wannan hanya, masu su suka biyo su. Har ma Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, shi ne Magajin Garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa wannan zama, bayansa aka sake haɗuwa sannu a hankali.

Da can yawanci maza ne ke zuwa ci-rani, iyali suna gida. Da zama ya yi zama aka kawo mata, aka haifi 'ya'ya, har da jikoki. To, a Kano ko Katsina yaro ɗan shekara uku ba ya rasa mai duba shi. Ga kaka a ɗaki, ga gwaggo, ga matan 'yan'uwan uba, ga tsakar gida mai faɗi. A gidan haya na Diyobu kuwa ɗaki ɗaya ne, ƙofa na kallon ƙofa, maƙwabci ba yarenku ɗaya ba, kwata kuma a bakin ƙofa. Kakar tana can arewa. Uwa in tana tuya ko ɗinki ko dafa abincin sayarwa, tilas ta sami inda za ta ajiye yaro. Haka wata mace mai haƙuri da yara, wadda ta gama sakandare ko makarantar Islamiyya, ta fara karɓar biyu, ta karɓi biyar, kafin shekara ta zagayo ta wayi gari da aji.

ABIN DA DOKA TA CE

A zamanin da, takardar Gireti Tu ita ce tutar malamin firamare. Sa'ad da Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a watan Satumba 1976, yara suka yi wa makarantu ambaliya, malamai suka kasa. A shekarar ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, watau NTI, a Kaduna, domin ta horar da malaman da ke bakin aiki ba tare da sun bar ajinsu ba. Daga baya manufar ilmi ta ƙasa ta ɗaga matsayin, ta ce NCE ce mafi ƙanƙantar takardar da za a shiga aikin koyarwa da ita, aka daina ba da Gireti Tu. A 1993 kuma aka kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda tun 2017 ta ke yi wa malamai jarrabawa a kwamfuta kafin ta ba su lasisi.

Su ƙananan yara kuwa an daɗe ana barinsu a hannun masu zaman kansu. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ita ce ta shigo da su cikin lissafin gwamnati, manufar ilmi da aka sabunta a 2013 kuma ta sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya na firamare. Kwalejojin horon malamai suka buɗe sashe na musamman domin wannan fanni.

Abin da wannan ke nufi ga ɗakin nan na unguwa a fili ya ke. Makarantar da ke son amincewar Ma'aikatar Ilmi ta jiha, cikin abubuwan da sufeto zai tambaya akwai takardun malamai. Wadda ba ta da amincewa kullum tana zaune ne da fargaba, ko a rufe ta, ko a riƙa zuwa mata da barazana. In mai makaranta ya tashi neman amincewa, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ɗauko mai takarda daga waje, ya mai da matar da ta kafa ajin mai wankin fo da goge majina, albashinta kuma ya bi sabon matsayinta. Wannan shi ne abin da ke tura matan nan karatu, ba sha'awar hoto da rigar yaye ɗalibai ba.

HANYOYIN DA KE BUƊE

Cikakken karatun NCE a kwaleji shekara uku ne, kullum ana aji. Akwai kwalejin Nwafor Orizu a Nsugbe kusa da Anaca, akwai ta tarayya a Eha-Amufu da ta jiha a cikin garin Inugu, akwai ta tarayya a Omoku a Jihar Ribas. Amma macen da ke da miji da 'ya'ya uku da ajin yara talatin, wannan hanya kusan a rufe ta ke gare ta. Abin da ya rage shi ne karatun Asabar da Lahadi da lokacin hutu. NTI ta fara ba da NCE ta wannan hanya a 1990, tana da ofis a kowace jiha da cibiyoyin karatu a wasu makarantu, ana ba ɗalibi littattafai ya karanta a gida, ya zo a yi masa bayani a ƙarshen mako. Shi ya kan ɗauki lokaci fiye da na kwaleji. Mai niyya ta fara tambaya a ofishin jiha ko cibiyar da ke kusa da ita tana da fannin ƙananan yara, domin ba kowace cibiya ce ke da kowane fanni ba. Wadda ta hango digiri kuma, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da wannan fanni, tana kuma da cibiya a Fatakwal da Inugu.

Ƙofar shiga ita ce takardar sakandare. An daɗe ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, Lissafin nan kuwa ya tsai da mata da yawa a bakin ƙofa. A watan Oktoba 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar sassauta sharaɗin NCE zuwa kiredit huɗu. Wadda ta yi sakandaren Arabiyya ta ɗauki jarrabawar hukumar NBAIS ita ma kada ta raina takardarta, ta tafi da ita a duba. Wani abu kuma da ke ɓata wa mata lokaci shi ne suna. Takardar firamare na ɗauke da sunan uba, ta sakandare da sunan gari, katin ɗan ƙasa da sunan miji. Gara a daidaita wannan tun kafin a biya ko kwabo.

Sa'an nan a yi hattara da masu buɗe cibiya a saman bene su ce suna da alaƙa da wata kwaleji mai nisa. Takardar da hukumar kula da kwalejojin ilmi ta ƙasa ba ta san da ita ba, TRCN ma ba za ta karɓe ta ba, shekara huɗu sun tafi a banza ke nan.

ASABAR BA TA MALAMA BA CE

A takarda tsarin yana da kyau. Litinin zuwa Juma'a aiki, Asabar karatu. Wanda ya tsara shi dai da alama bai taɓa zama a unguwar 'yan kasuwa ba. Asabar ranar ciniki ce, iyayen da ke kawo yara ran Laraba suna bukatar mai reno ran Asabar fiye da kullum. Asabar da Lahadi ne Islamiyya, Malamar nan kuwa sau da yawa ita ce mai ƙaramin aji a can ma. Ranar ce ta wankin mako, ranar suna da biki, ranar da baƙo daga gida ya kan sauka ba sallama. Maigida ko da ya yarda da karatun da zuciya ɗaya, yardarsa ba ta dafa tuwon dare.

A Anaca da Inugu an sami ƙarin wata matsala. Daga watan Agusta 2021 aka shiga zaman gida na dole kowace Litinin, aka yi shekaru makarantu da kasuwanni suna rufe a wannan rana, wasu makarantu suka mai da darasin Litinin zuwa Asabar. Ranar da Malama ta keɓe wa kanta ita aka ɗauke. A Fatakwal kuwa ruwan sama ne mai mulki. Ya kan tsuge tun asuba, hanya ta cika, kuɗin mota ya ninka, wadda ta fito da goyo da laima da jakar littattafai ta isa cibiya an yi rabin darasi. Baƙar tokar da ta fara sauka a garin tun ƙarshen 2016 ta ƙara wa yara tari da mura, yaron da bai yi barci ba kuwa uwarsa ba ta yi karatu ba. Rushe mayankar Trans-Amadi a 2021 ya sa mahauta da iyalansu suka watsu, aji ya rabu, ɗaliba ta sami kanta nesa da cibiyar da ta yi rajista.

Saboda haka karatun na dare ne. Bayan an yi sallar lisha, an kwantar da yara, an wanke kwanuka, sai a jawo littafi a haska da fitilar waya. Wadda ta yini tana tsaye a kan yara talatin, shafi biyu ya ishe ta barci ya sace ta. Waɗanda su ke kai labari yawanci su ne masu tashi kafin asuba su ba littafi rabin sa'a, kullum, ba fashi. Akwai kuma masu haɗa kai su uku ko huɗu, wannan Asabar ɗaya ta riƙe 'ya'yan duka, sauran su je su kwaso darasi su kawo mata, mako mai zuwa a juya. Adashi ke nan, amma na lokaci.

LITTAFI DA ƊAKI

Wani abin da ke ba matan nan mamaki shi ne rabin abin da ke cikin littafin sun riga sun san shi a aikace, suna ne ba su sani ba. Cewa yaro ɗan shekara uku ba ya iya zama wuri ɗaya fiye da 'yan mintoci, cewa wanda ya yi shiru fiye da kima a duba shi, cewa cizo da ƙwace ba mugunta ba ne a wannan shekaru, duk wannan ba sabon labari ba ne ga wadda ta yi shekara biyar a ɗakin. Ɗaya rabin kuwa shi ne mai amfani ƙwarai: yadda a ke gane yaron da ba ya ji sosai ko ba ya gani sosai tun kafin a yi masa tambarin daƙiƙi, yadda a ke rubuta ci gaban kowane yaro, yadda a ke haɗa ruwan gishiri da sukari, duba katin rigakafi, da raba mai ƙyanda ko gudawa da sauran.

Amma akwai inda littafi da ɗaki su ke yin hannun riga. Manufar ilmi ta ce malami ɗaya ga jarirai goma, ko ga yara ashirin da biyar a ajin reno. Malama ta karanta wannan, ta ɗaga kai ta ƙirga nata. Littafi ya ce filin wasa, ita kuwa filinta shi ne baranda. Littafi ya ce a koyar ta hanyar wasa, da yashi da ruwa da waƙa da tatsuniya. Ran da ta gwada, uba ya zo ɗaukar ɗansa ya same shi yana jera duwatsu, sai ya tambaya ko kuɗin wasa ya ke biya. Abin da ya ke so ya gani shi ne littafi cike da rubutu da jan biro, da aikin gida, ga yaron da hannunsa bai gama ƙwarin riƙe fensir ba. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, haka makarantar maƙwabta ke yi, mai allon da aka rubuta Montessori da manyan baƙaƙe. Abin dariya shi ne ita Maria Montessori, likitar Italiya mai wannan suna, ajinta na farko a 1907 a gidajen haya na talakawan birnin Rum ta buɗe shi, domin 'ya'yan ma'aikata da a ke bari suna gararamba da rana, kuma da kayan taɓawa da jerawa ta koyar da su. Ɗakin Titin Bida ya fi kusa da asalin abin fiye da yawancin masu allon.

Sai maganar harshe, wadda a nan ce Malamar unguwa ta fi kowa. Yaron Bahaushe a Fatakwal yana jin Hausa a ɗaki, Turancin buroka a tsakar gida, Larabci a Islamiyya, Turanci a aji. A Anaca da Inugu a ƙara da Ibo. Tun 1977 manufar ilmi ta ce a fara koya wa yaro da harshen uwa ko na jama'ar da ke kewaye da shi, ba ta dai faɗi wanne ne na ɗan Bahaushen Diyobu ba. A watan Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙarfafa koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Turanci. Ko me aka zartar a Abuja, yaro ɗan shekara uku in fitsari ya matse shi da Hausa zai faɗa. Malamar da ta ji shi, ta kuma iya ɗaukarsa daga Hausar nan ta kai shi Turanci a hankali, ita ce za ta shirya shi shiga aji ɗaya tare da 'ya'yan gari ba tare da ya zama kurma a cikinsu ba.

INA TAKARDAR KE KAI MUTUM?

Kada a yi wa kowa romon baka. Gwamnatin Jihar Anambra ta ɗauki malamai 5,000 a 2022, ta Inugu kuma ta ɗauki aikin gina sababbin makarantu 260, ɗaya a kowace mazaɓa, har da azuzuwan 'yan shekara uku. Ana bukatar masu wannan fanni. Amma aikin gwamnatin jiha a ƙasar nan ya kan fara ne da takardar asalin ƙaramar hukuma, wadda aka haifa a Inugu iyayenta 'yan Gumel ne ta san inda wannan maganar ke ƙarewa. Haka ɗin dai a ke yi wa 'yar Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano. Amfanin takardar na kusa shi ne a makarantu masu zaman kansu, da neman amincewa ga makarantar unguwa, da ƙarfin bakin yin ciniki a kan albashi. Na nesa kuma, takarda ce ta ƙasa baki ɗaya. Waɗanda suka ga rikicin Anaca na Fabrairu 2006 sun san ana iya barin shago da kaya a dare ɗaya, satifiket kuwa ya kan shiga jakar hannu, ya yi aiki a Zariya kamar yadda zai yi a Fatakwal.

Babban tsauni a kan hanyar shi ne koyarwar gwaji. Kafin a gama NCE tilas ɗalibi ya yi zango guda yana koyarwa a makarantar da hukuma ta amince da ita, malamai suna zuwa duba shi. Ɗakin da Malama ta yi shekaru tana koyarwa a ciki, in ba shi da amincewa, ba lalle ne a lissafa shi ba. Watau sai ta bar nata ajin wata uku ko fiye, ta je ta koyar a na wasu kyauta, ta biya kuɗin mota daga aljihunta. In ta rufe ɗakin, iyaye su kwashe yara su kai wani wuri, ba su kuwa dawowa. In ta ɗauki mai riƙe mata, da me za ta biya ta? Da yawa a nan su ke tsayawa, bayan sun ci jarrabawar shekara biyu ko uku.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a tarihin karatun mata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta ga matan aure masu goyo ba su iya barin gida, sai ta tsara 'yan taru. Dattijai mata da 'yan mata su ne ke tafiya su ɗauko karatu su kawo wa na gida, shugabarsu jaji kuma a naɗa mata malfa, shaidar an yarda ta koyar. Jama'ar gari ce ta ɗauki nauyin tafiyar, ba a bar wa mace ɗaya ba.

A Fatakwal da Anaca da Inugu akwai Sarkin Hausawa, akwai kwamitin masallaci, akwai ƙungiyoyin 'yan shanu da 'yan gwari da 'yan canji, kuma sun saba haɗa kuɗi in an kama wani, ko za a kai gawa gida, ko rufin masallaci ya yi yoyo. Albashin mace ɗaya da za ta riƙe aji zango guda, har Malama ta gama koyarwar gwaji ta dawo, bai kai kuɗin sa ɗaya a kara ba. 'Ya'yan masu zama a waɗannan kwamitoci ne a kan tabarmin, galibi kuma bayan sallar Juma'a su ke zama.